Ranar da Gwaggo Ta Ci Kujerar Gaba

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, lokacin ina saurayi ina ɗinki a wata rumfa bakin kasuwar Dutsin-Ma, muna da ƙungiyar masoya mota. Ƙungiya ce sosai, da shugaba da ma'aji da ranar taro. Abin da kawai ya yi mana ƙaranci shi ne motoci. Ɗaya gare mu, ita ma ta shugabanmu ce, wani Alhaji mai sayen gyaɗa, wanda ya saye ta hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu.

Baƙa ce, mai ƙaton goshi, kujerunta na fata. Alhaji ya yi mata rumfa ta musamman a ƙofar gidansa, in rana ta yi zafi har zanen gado yake lulluɓa mata. Shi yake tuƙa abarsa, bai taɓa yarda da direba ba, kuma tuƙin nasa sai wanda ya gani. Masu keke sukan wuce shi su gaishe shi, ya amsa, su tambayi iyali, ya ba su labari, sannan su yi gaba. Da idona na ga wata mai tallar nono ta cim masa a hanyar Makera, ta yi masa tayi, ya ce ta auna, ta auna ta miƙa masa ta taga, duk bai taka birki ba.

Mu 'yan ƙungiya, teloli ne da wanzamai da mahauta da masu gyaran keke, sai wani malamin makaranta da ya taɓa zama Kaduna, shi ne ma'ajinmu. Duk Juma'a bayan la'asar mukan hallara a gindin durumin ƙofar Alhaji, a yaye wa motar zane, mu kewaye ta muna gardama a kan abubuwan da ba mu sani ba. Wanda ya shiga ƙungiya yana da gata. Za a liƙa masa baji a aljihun riga, mai hoton sitiyari, ni nake ɗinka su da baƙin zare. Yana da ikon wanke motar in layi ya zo kansa. A ƙarshen taro zai zura hannu ya danna oda sau ɗaya. In mai hoto ya zo daga Katsina, zai jingina da ita a ɗauke shi, ya aika wa budurwarsa ko surukansa su yi ta zato. Babban gatan kuwa, ranar aurensa a motar za a kai amarya. Wannan ne ya cika ƙungiyar da samari, har da waɗanda ba su iya bambanta gaban mota da bayanta ba.

Ana nan sai wani mai fataucin shanu a Kurfi ya sayo sabuwar a-kori-kura, mai buɗaɗɗen baya, mutanensa su ma suka kafa tasu ƙungiyar. Wata ranar kasuwa ya zo Dutsin-Ma, ya tsaya ya daɗe yana kallon motar Alhaji, sannan ya ce, a gaban jama'a, lallai akwatin lefen nan ya yi kyau, saura a samo jakin da zai ja shi. Maganar ta zaga gari kafin magariba. Mai sayar da fetur na garinmu, wanda da shi da durom-durom ɗinsa duk wata mota ta yankin ke bi ta kansa, ya ga hanyar talla ta samu. Ya ce a yi tsere daga bakin garin Dutsin-Ma zuwa tsamiyar bakin kasuwar Kurfi, shi zai ba wanda ya riga rago, kyauta daga aljihunsa.

Alhaji ya ce shi bai sayi mota don a karya masa ita ba. Muka dinga yi masa zarya, wannan ya shiga wannan ya fita, muna nuna masa mutuncin gari ne a hannunsa. Da ya ga har matansa sun fara maimaita masa zancen akwatin lefe, sai ya yarda.

Daga nan sabuwar rigima ta taso: wa zai zauna kujerar gaba, kusa da Alhaji? Kowa ya ce shi. Wanzami ya ce shi ne ya fi daɗewa a ƙungiya. Wani mahauci ƙato ya ce nauyinsa zai danne motar kada ta tashi sama. Malamin makaranta ya ce a Kaduna kuri'a ake yi, kowa ya sayi tikiti a jefa a kwali. Zancen ya kai kunnen liman, ya aiko cewa in dai sai an biya za a shiga, to caca ce, kada ya ji kada ya gani. Sai aka ce ba biya. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo wani ɗan abu nasa da kowa zai shaida, a zuba a buhu, a rufe wa mutum ido ya zaro ɗaya. Malamin makaranta, da yake yana son ƙungiya ta bunƙasa, ya ƙara da cewa duk wanda ya kawo sabon ɗan ƙungiya kafin ranar kuri'a, an yarda ya ƙara jefa abu ɗaya.

Wannan magana ita ta ɗebo mana jama'a. Wani ya kawo kakansa wanda ba ya ji. Wani ya kawo jaririnsa da ba a daɗe da yi wa suna ba. Sharaɗin shiga bai da wuya: mutum ya zo da ƙafarsa ko a kafaɗar wani, ya dafa murfin injin, ya ce yana son mota. Jaririn dai an dafa masa hannu, ya tsala kuka, aka ce ya faɗa.

Ni da na duba gidanmu, duk mazan an riga ni. Sai Gwaggo ta rage, yayar mahaifina. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ta dawo gidanmu da zama, tana yin daddawa tana ba yara talla. Gajeruwa ce, siririya, haƙoranta ja wur da goro da fure. Babu wanda ba ya shakkar bakinta a unguwarmu, mahaifina ma in ta fara, hularsa yake ɗauka ya ce ana jiransa a waje. Lissafina shi ne, in na shigar da ita, na sami ƙarin jifa, nata jifan ma nawa ne, tunda me tsohuwa za ta yi da kujerar gaba?

Na same ta tana tsince kalwa. Na ce, "Gwaggo, wata 'yar alfarma zan roƙa. Ki raka ni ƙofar Alhaji, ki dafa motarsa, ki ce kina sonta. Shi ke nan."

Ba ta ɗago ba ta ce, "In na so ta, me za ta ba ni?"

"Baji za a ba ki."

"Ana miya da shi?"

Na yi ta lallashi, har na yi alkawarin ɗinka mata riga. Ranar Juma'a ta yafa mayafinta ta biyo ni. Da muka isa, maza suka dare, don ba a taɓa ganin mace a taronmu ba. Malamin makaranta ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna shi ya yanke sharaɗin bai kuma ce banda mata ba, ya rufe. Alhaji ya taso ya rusuna ya gaishe ta. Ashe ta san shi tun yana cikin tsumma, maƙwabta suke da iyayensa, ubansa gishiri yake sayarwa.

Ta ce, "Ɗan mai gishiri, wannan ce abar da ake ta surutu a kanta?"

Ya ce, "Ita ce, Gwaggo."

Ta zaga motar a hankali, ta leƙa ta taga, ta ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa kamar mai sayen tukunya. Sannan ta dafa murfin injin ta ce, "To, ina sonta. Allah ya sa ita ma ta san mutunci." Aka ce ta kawo abin da za ta jefa a buhu. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan tandun kwallinta ta miƙa. Ni kuma na jefa kwarkwaron keken ɗinki da ƙaramin almakashi.

Juma'ar da ta biyo aka yi kuri'a. Buhun ya yi nauyi da tarkace: makullai, zobba, cokula, aska, layu, har da takalmin jariri. Aka naɗe wa wanzami ido da rawani, aka juya shi, ya zura hannu. Ya daɗe yana lalube, muna ta yi masa ihu cewa askarsa yake nema. Da ya zaro hannu, sai ga tandun kwalli.

Na daka tsalle na jefa hulata sama. Ina cikin karɓar barka, sai na ji muryar Gwaggo a bayana. Ban ma san ta zo ba.

"Kai ɗan nan, murnar me kake?"

"Mun ci, Gwaggo!"

"Mun ci ko na ci? Kwalli kake sawa?"

Na matsa kusa na rage murya na ce ai dama yarjejeniyarmu ke nan. Ta ce ita ba ta tuna wata yarjejeniya ba, riga dai aka yi mata alkawari, kuma har yanzu ba ta gan ta ba. Ta karɓi tandunta ta ƙulle, ta tambayi Alhaji wace rana ce tafiyar, don dama ta daɗe ba ta leƙa ɗiyarta da ke aure a Kurfi ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya koma kamar fada. Malamin makaranta ya zo ya yi mata bayanin haɗarin gudu, ya ce zuciyar tsoho ba ta jure shi. Ta ce zuciyar da ta jure mijinta babu abin da ba za ta jure ba. Mahauci ya kawo mata tsire mai zafi, ta cinye ta yi masa addu'a, ta ce ya gaida gida. Aka zuga mahaifina ya hana ta. Ya shiga ɗakinta, muna jin muryarsa sama-sama, daga baya muka daina jin tasa. Da ya fito ya ce ya yanke hukunci: za ta tafi, amma ba za ta tafi ita kaɗai cikin maza ba, dole ni in bi ta. Ta haka na sami kujerar baya, abin da ya sa rabin ƙungiya suka daina amsa gaisuwata. Aka haɗa ni da mahauci, don in mota ta kafe a sami mai turi.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, hanya ta sha ruwa ta bushe ta yi gargada. Ranar tseren da hantsi duk garin ya fito bakin hanyar Kurfi. Mutanen Kurfi sun iso tun da safe, ƙungiyarsu kaf ta ɗare bayan a-kori-kura, suna tsaye sun riƙe juna, har da mai kalangu. Mai fetur ya ɗaure ragonsa a wata babbar mota da ta riga mu yin gaba, don ya jira mu a gindin tsamiya. Ya bar ƙanensa don ya ba da alamar tashi.

Gwaggo ce ta zo ƙarshe. Ta ci ado da zanen saƙi, ta rambaɗa kwalli, ta liƙa bajinta a gefen ɗankwali. A kanta kuma ga ƙatuwar ƙwarya an rufe da faifai. Tun kafin ta iso hanci ya gaya mana ko mene ne.

Alhaji ya ce, "Gwaggo, wannan fa?"

"Daddawa ce. Hannu rabbana zan je gidan ɗiyata?"

Ya dubi kujerunsa na fata, ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a sa a but. Ta ce ba za a kulle mata abinci inda ake ajiye taya ba. A kan cinyata ƙwaryar ta ƙare.

Ƙanen mai fetur ya ɗaga hularsa ya sake ta. A-kori-kura ta yi wani gurnani ta zabura, na bayanta suka yi baya kamar za su zube, kalangu na tashi. Alhaji kuwa ya yi bisimilla, ya gyara madubi, ya gyara hannun rigarsa, ya fitar da hannu ta taga ya ba da alamar zai hau hanya, alhali babu kowa a kanta sai mu. Muka fara gangarawa. Yaran gari suka raka mu da ƙafa, wasunsu suna wuce mu suna dawowa.

Gwaggo ta kama bakin kujera da hannu biyu. Na ce a raina tsoro ya kama ta, yanzu za ta ce a sauke ta in koma gaba. Muka wuce gonakin bakin gari. Can sai ta saki kujerar, ta leƙa waje, ta dubi Alhaji.

"Ɗan mai gishiri, yaushe za a fara?"

"Ai an fara, Gwaggo."

"Wannan ne tseren?"

"Hanyar ce ba kyau. Kin ji gargada."

"Su waɗancan wata hanyar aka shimfiɗa masu?"

Alhaji ya ƙura wa hanya ido. Ta gyara zama ta ce, "Wallahi uwarka, Allah ya jiƙanta, da cikinka wata tara, da tulu a kanta, ta fi haka sauri zuwa rijiya."

Mahauci ya toshe bakinsa da hula. Na ga ƙeyar Alhaji ta motsa. Ya sa hannu ya canza giya, motar ta yi wani sauti da ban taɓa jin ta yi ba. Haƙoranmu suka fara haɗuwa, faifan daddawa na rawa a cinyata.

"Ƙara mata," in ji Gwaggo.

"Za ta wargaje!"

"In ta wargaje ka sayi wata, ba gyaɗa ake ta nomawa ba? Ƙara mata!"

Ya ƙara. Abin mamaki, da gudun ya kai wani wuri sai girgizar ta ɗauke, motar ta koma kamar tana shawagi a kan gargadar. Karan gero na gefen hanya suka zama kore ɗaya. Iska ta shigo ta fizge hular mahauci ta yi waje da ita, bai ko waiga ba, salati yake. Gwaggo ta buɗe baki ta rangaɗa guɗa. Ni tunda nake ban taɓa jin ta yi guɗa ba, ko a bikin 'ya'yanta.

Wasu awaki suka tsaya a tsakiyar hanya, Alhaji ya danna oda suka watse. Gwaggo ta ce, "Ina ka taɓa?" Ya nuna mata. Daga nan oda ta koma hannunta. Ta danna wa awaki, ta danna wa masu jakai, ta danna wa wani manomi da ke can tsakiyar gonarsa bai tare wa kowa hanya ba. Duk ƙauyen da muka ratsa sai ta kwanta a kanta tun daga gidan farko har na ƙarshe.

Akwai wani rafi a hanyar da ba a yi wa gada ba a lokacin, sai dai a gangara a ratsa yashi da ɗan ruwa a hau. Muna kawo kai sai muka hango a-kori-kura a ciki. Nauyin mutanenta ya nutsar da tayoyin baya, duk sun sauko sun naɗe riguna suna turi, mai kalangu ma ya rataya kalangunsa a baya ya sa kafaɗa. Mai shanu na kan sitiyari ya leƙo yana ba da umarni.

Alhaji ya ɗaga ƙafa zai taka birki, don shi a ƙa'idarsa sai ya sauka ya auna zurfin ruwa da sanda.

Gwaggo ta ce, "In ka tsaya a nan, ban yafe maka goyon da na yi maka ba."

Ban san ko tsoron wannan magana ba ne, ko ƙafarsa ce ta kuskure, totur dai ya taka. Muka gangara kamar an harbo mu. Ruwa ya tashi bango guda ta hagu da dama, na hagun ya sauka kan mutanen Kurfi, ya shiga ta taga ya wanke mai shanu. Motar ta yi tsalle a hawan, kaina ya bugi rufi, ƙwarya ta tashi ta dawo, daddawa ta watsu a jikina da na mahauci da kujerun fata. Da na waiga ta gilashin baya, sai na ga mutane tsaye jiƙe sharkaf, baki buɗe. Gwaggo ta fitar da hannu tana ɗaga masu.

Alhaji da kansa ya yi wata irin dariya, siririya, kamar ba tasa ba. Ya ce, "Kun gani? Kun ga akwatin lefe?" Daga nan ba wanda ya sake ce masa ya ƙara. Ni da mahauci muka shiga tsintar daddawa muna mayarwa a ƙwarya, muna kaɗe wadda ta sha ƙasa, don Gwaggo ta ce ta san yawan abarta.

Duwatsun Kurfi suka bayyana, sannan rufin gidaje. Muka shiga gari. Ga tsamiya can a miƙe, ga jama'a cunkus a ƙarƙashinta, har ina hango farin ragon. Mahauci ya fara dukan bayan kujera yana kiran sunan garinmu. Babu alamar a-kori-kura a bayanmu.

Sai Gwaggo ta nuna wani lungu a dama ta ce, "Nan za ka karya."

Alhaji ya ce, "Ina?"

"Gidan ɗiyata. Ga shi can, mai ƙofar kara."

"Gwaggo, ga tsamiyar can! Mu taɓa ta kawai, in dawo da ke har ɗaki!"

"A tsakiyar kasuwa za ka sauke ni, cikin maza, kamar buhun gyaɗa, surukaina na kallo? In wuce ƙofar ɗiyata a mota ban tsaya ba, a ce na yi arziki na manta da ita? Karya."

Muka haɗa baki ni da mahauci muna roƙo. Na ce riga biyu zan ɗinka mata. Ta kama mariƙin ƙofa ta ce, "To bari in sauka da kaina, tunda na ga yadda ake buɗewa." Ƙofar ta yi ƙara ta ɗan buɗe. Alhaji ya yi salati ya murɗa sitiyari, muka faɗa lungu.

Lungun ƙunci gare shi, zana na gogar motar hagu da dama, kaji na tashi. A ƙofar gidan Gwaggo ta kwanta kan oda, ba ta ɗaga ba sai da matan unguwar suka fito kaf, na ciki suna leƙe ta saman danga. Ɗiyarta ta fito da muciya a hannu, ta ga uwarta a gaban mota, ta saki muciyar. Gwaggo ba ta yi gaggawa ba. Ta jira sai da na zagayo na buɗe mata ƙofar da ta riga ta buɗe. Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta gyara mayafi, ta sauko da ɗayar. Ta gaisa da kowa, ta tambayi wata mai jego, ta yi wa wata gaisuwar rasuwa. Alhaji na son ya ja da baya, amma yara sun cika bayan motar, wata tsohuwa kuma ta dafa murfin injin tana sa albarka.

Muna nan muka ji kalangu. Ya taso daga bakin gari, ya wuce bakin lungunmu, ya nufi kasuwa. Jim kaɗan ihu ya tashi daga wajen tsamiya.

Alhaji ya kashe mota, ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗan mai gishiri. Ashe kana da zuciya. Sauko ka sha fura."

Ya kuwa sauko ya sha, don ba yadda zai yi, ga surukanta sun shimfiɗa tabarma.

Da muka ƙarasa gindin tsamiya an riga an damƙa wa mai shanu igiyar rago. Mahauci ya yi ta rantsuwa cewa mu muka fara shiga gari, akwai shaidu. Mai fetur ya ce shi tsamiya ya ambata, bai ambaci gari ba. Mai shanu, rigarsa ba ta gama bushewa ba, ya tambaya ina muka maƙale, don shi ya ɗauka mun daɗe da isowa, ya ƙaraso ne kawai don kada a ce ya gudu. Da aka ba shi labari, dariya ta kama shi har ya zauna a ƙasa, ragon na jan sa. Ya ce a nuna masa gidan. A ranar aka yanka ragon, shi da kansa ya ɗauki cinya guda ya kai wa Gwaggo, ya durƙusa ya ce rabonta ne, don ita ta ci masa tseren. Ta karɓa ta ce Allah ya yi masa albarka, amma nan gaba ya rage kwasar mutane, mota ba jirgin ƙasa ba ce.

Gwaggo ta ce za ta kwana biyu wajen ɗiyarta, don haka mu uku muka koma. Ni na zauna gaba, ba wanda ya yi mani gardama, ba kuma wanda ya yi mani magana har Dutsin-Ma.

A taron Juma'a aka gurfanar da ni. Malamin makaranta ya ce ni na jawo wa gari abin kunya. Na ce sharaɗin wa na bi? Aka yi ta cacar baki. A ƙarshe aka yanke cewa in ɗinka wa kujerun motar riguna, tunda an wanke su da sabulu, an turara, an shanya, warin daddawa ya ce yana nan. Aka kuma hana ni danna oda har sai bayan Sallah. Sannan wanzami ya kawo shawarar a kori Gwaggo daga ƙungiya. Kowa ya ɗaga hannu. Alhaji ya ce madalla, to wa zai je ya gaya mata? Hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Aka ce a bar maganar sai wani zama.

Ba a kai ga wani zaman ba. Ranar kasuwarmu ina rumfa ina fama da rigunan kujera, sai na ji oda tun daga nesa, ba ƙaƙƙautawa, mutane na darewa. A-kori-kura ce ta tsaya a gaban rumfata. Mai shanu na tuƙi, Gwaggo na gefensa, ta ɗora gwiwar hannu a taga. Bayan motar ga damin itace, ga kaji, ga buhun kalwa, ga samarin Kurfi a tsaye suna yi mata fadanci.

Na taso na ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo. Ya hanya?"

Ta ce, "Hanya lafiya lau, wannan yaron ba ya jiran a roƙe shi. Ka gaya wa ɗan mai gishiri na koma ƙungiyar Kurfi, su ba su da ƙyashi. In yana son a sake karawa bayan kaka, ya shirya, ni ce a gaba a nan."

Mai shanu ya ce, "Mun ma soke kuri'a, Gwaggo. Kujerar taki ce."

Ta gyaɗa kai, ta dube ni ta ce, "Tsayuwar me kake? Sauke mani kajin nan kafin rana ta kashe su, ka biyo mu gida da su. Kalwar ka bar ta, har ƙofa zai kai ni."